Jinin Sukari

Ni ce mai kula da rigunan fada a Mungyeong,
fadar katako da fenti, gaba ƙasaita, baya tarin igiya.
Shekara goma sha tara ina ɗaura wa sarakuna ɗamara,
ban ga wanda ya iya kwance ta da hannunsa ba.

Bana sarki ya kwanta tun kashi na uku.
Yana tari bayan labule, 'ya'yansa biyu na ƙirgawa.
Mu-gang ne wa, mai rundunar arewa da tabo a haɓa,
Seo-rim ƙane, mai alƙalami da sanyin murya,
wanda uban ya dafa wa kai ran bikin girbi
a gaban fadawa duka.
Tun ranar shinkafa ta koma tsakuwa a bakin wan,
bai ƙara haɗiye loma da daɗi ba.

Ga Ha-ryeon, ɗiyar mai haɗa magungunan sarki.
Ƙanen ta ba tsinken gashinta na azurfa,
wan ta ba shi gaisuwa, ta rusuna, ta wuce.
Da ma zaginsa ta yi, da bai ji ciwo haka ba.

Daren jiya aka ɗauki kashi na arba'in.
Ƙanƙara ta gaske, sanyi na gaske,
jinin kuwa sukari ne da jan rini, ni na dama.
Sau bakwai wa ya soki ƙane a bakin tafki,
sau bakwai ƙane ya ce, "Yaya, hannunka na rawa,"
sau bakwai darakta ya daka tsawa a sake,
ina rugawa da farar riga sabuwa.
Mutuwar ba ta gamshe shi ba.

Da aka tashi na iske su bayan motar janareta,
mai kisa da gawa cikin bargo ɗaya,
suna zuƙar taliya daga tukunya ɗaya,
gawar na dariya har gemun wan ya ɓalle.
Na tsaya da riguna bakwai a kafaɗa,
ƙafata ta ƙi gaba.

Du-cheol.
Gonar tuffa ta babanmu a Cheongsong,
itace ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Ni na ɗauki tsani tun ina 'yar tara,
ni na san wane reshe ke son wuƙa,
shi yana birni kan karatun da bai ƙare ba.
Ran da aka buɗe wasiyya, sunansa kaɗai.
Na ajiye makullin sito kusa da kofin shayinsa,
na hau motar ƙarfe shida.
Ko murya ban ɗaga ba.

Duk kaka kwali na zuwa, babu wasiƙa,
sai sunana a kai, da karkataccen rubutunsa.
Nakan rabar wa masu riƙon fitila.
Ko ɗaya ban taɓa gatsa ba.

Na riga kowa sanin ƙarshe, don ni ke awon kaya:
Mu-gang zai hau kursiyi cikin jan alharini,
Ha-ryeon za ta aske kai, ta hau dutse wurin masu ibada,
shi kuma ya kwana yana kiran wanda ya soka.
Rigar sarautar na rage mata faɗi sau biyu,
an rubuta zai rame.

Asuba na jiƙa fararen rigunan a baho.
Jinin sukari ba shi da taurin kai,
ruwan sanyi kaɗan, ya saki.
Namu da ba a zubar ba, da me ake wanke shi?

Saura tuffa guda a gindin kwali, ta fara yaushi.
Na goge ta da gefen rigar yarima, na yanka.
Tsami-tsami, zaƙi daga baya.
Ta itacen bakin rijiya ce,
wanda na ce a sare, ya ce a bari.

Lambar gidan tana kaina har yau.
Na danna da jiƙaƙƙen yatsa,
tana ƙara can, cikin ɗakin da na san ƙamshinsa.
Nan babu mai tsawa a sake.
In ya ɗauka, sau ɗaya zan faɗa,
kuma ba wanda ya rubuta mini abin faɗa.